MOLTKE: HAFSAN DA YA CI YAƘI DA TASWIRA DA JIRGIN ƘASA

Daga Wakilinmu na Arewa

Ran 3 ga watan Yuli, 1866, sojoji fiye da 400,000 suka yi arangama kusa da wani ƙauye da a ke kira Sadowa, a ƙasar Cek ta yanzu. Ɓangare guda na Sarkin Purushiya ne, ɗaya kuwa na Sarkin Ostiriya. Ana ba da labari cewa ana tsakiyar ɓarin wuta aka kai wa wani janar na Purushiya takardar umurni. Ya karanta, ya ga shawarar ta yi kyau, amma sai ya tambayi ɗan aiken ko wane ne wannan Janar Moltke da ya sa hannu. Alhali kuwa Moltke ɗin nan shekara tara ke nan ya ke riƙe da muƙamin Babban Hafsan Hafsoshi, kuma shi ya tsara tafiyar kowace runduna da ke filin. Kafin rana ta faɗi babu sauran mai wannan tambaya a ƙasar Jamus.

To, jama'a, yau ga tarihin wannan mutum, Helmuth von Moltke, wanda sai da ya ba shekara 65 baya kana duniya ta san da zamansa.

YARON DA YA TASHI A BAƘUNCI

An haifi Moltke ran 26 ga watan Oktoba, 1800, a garin Parchim da ke arewacin Jamus. A zamanin nan babu wata ƙasa guda mai suna Jamus. Masarautu ne barkatai, manya da ƙanana, kowa da sarkinsa da sojansa. Gidansu gidan sarauta ne, amma sarautar suna, babu dukiya. A 1806 sojojin Faransa suka washe gidansu a birnin Lubek, abin da ya rage kuma ya ƙare a noman da uban ya gwada bai yi sa'a ba. Daga bisani uban ya kama aikin soja a ƙarƙashin Sarkin Danmak.

Yana ɗan shekara 11 aka kai shi makarantar horon hafsoshi a Kofanhegan, babban birnin Danmak. Ba harshensa a ke yi ba, ba danginsa a kusa, ga horo mai tsanani. Waɗanda suka rubuta tarihinsa sun ce a nan ya koyi haɗiye magana, halin da ya bi shi har kabari. Ya fita da muƙamin ƙaramin laftana a sojan Danmak.

Bai daɗe ba ya lura cewa sojan Danmak ƙarami ne, mutum ya iya tsufa bai ga ƙarin girma ba. Saboda haka a 1822 ya ajiye aikinsa, ya tsallaka Purushiya, wadda ita ce mafi ƙarfi cikin masarautun arewacin Jamus. Suka karɓe shi, amma da sharaɗin shekarun da ya yi a Danmak sun faɗi. Ya sake farawa daga ƙasa, baƙo, ba uban gida, albashi kuwa da ƙyar ya ke kai shi ƙarshen wata.

ALƘALAMI KAFIN TAKOBI

Daga 1823 zuwa 1826 ya yi karatu a babbar makarantar yaƙi ta Barlin. Bayan haka aka tura shi aikin awon ƙasa da zanen taswira a lardunan gabas, ya yi shekara uku yana bin gonaki da tuddai da kwazazzabai. Aiki ne wanda samarin hafsoshi ba su so, don babu fareti, babu a gan ka. Shi kuwa a nan ya koyi karanta ƙasa kamar yadda malami ke karanta allo: ina runduna za ta iya bi, ina igwa za ta maƙale, wace hanya za ta ɗauki mutum nawa a yini.

A 1832 aka kira shi Ofishin Hafsan Hafsoshi. Amma hafsan wannan ofis dole ya mallaki doki, shi kuwa ba shi da kuɗinsa. Sai ya yi jinga da wani mai buga littattafai a kan zai juya masa babban littafin nan na Gibbon a kan faɗuwar daular Rum daga Ingilishi zuwa Jamusanci. Cikin wata 18 ya gama juzu'i tara daga cikin 12, yana yi da dare bayan ya tashi aiki. Littafin bai fito ba, kuma abin da ya shiga hannunsa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin jingar ba.

SHEKARA HUƊU A DAULAR USMANIYYA

A 1835 ya zama kyaftin, ya ɗauki hutun wata shida don ya ga duniya. Tafiya ta kai shi Santambul. A lokacin Sarkin Musulmi Mahmud na Biyu yana fama ya gina sabon soja irin na zamani, sai aka roƙi Moltke ya tsaya ya taimaka, Barlin kuma ta yarda. Hutun wata shida ya zama zaman shekara huɗu. Ya koyi Turkanci, ya zana taswirar birnin da mashigin tekun da ke gefensa, ya yi dubban mil a kan doki cikin Anatoliya, har ya bi Kogin Furat a kan gadon fito na salkunan fata da aka hura.

A 1838 aka haɗa shi da Hafiz Basha, kwamandan rundunar da za ta tari sojojin Masar. Muhammadu Ali, gwamnan Masar, ya riga ya yi wa Santambul tawaye, ɗansa Ibrahim Basha kuwa ya mamaye ƙasar Sham. Rundunonin biyu suka fuskanci juna a Nizib, kusa da iyakar Turkiyya da Siriya ta yau. Moltke ya hango Ibrahim yana zagayowa ta bayansu, ya ba da shawara a ja da baya zuwa bakin Furat inda akwai wurin tsayawa. Hafiz ya fi sauraron na kusa da shi, masu ganin ja da baya abin kunya ne. Ran 24 ga Yuni, 1839, aka gwabza. Moltke ya tsaya wajen igwa ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma cikin 'yan sa'o'i rundunar ta watse. Da ƙyar ya tsira, ya yi ta sukuwa kwana da kwanaki har bakin Baƙin Teku. Mako guda bayan yaƙin Sarki Mahmud ya rasu.

Watau ke nan babban yaƙin farko da Moltke ya gani da idonsa kashi suka sha. Ya koma Barlin a ƙarshen shekarar ba shi da lafiya, aka ba shi lambar Pour le Mérite, wadda ita ce babbar lambar jarumtaka ta Purushiya. Amma ya dawo da abin da ya fi lamba, domin ya gane cewa shawara komai kyanta banza ce in mai ba da ita ba shi da ikon sa a bi ta.

MUTUMIN JIRGIN ƘASA

Shekarun da suka biyo baya na zaman ofis ne. Ya buga wasiƙunsa na Turkiyya a 1841, suka yi farin jini. A 1842 ya auri Mary Burt, agolar 'yar'uwarsa, wadda ya girme ta da kimanin shekara 25. Ba su sami haihuwa ba, amma kowa ya shaida zaman lafiyarsu har ta rasu a 1868.

A wannan tsakani ne jirgin ƙasa ya fara shiga Jamus. Tsofaffin janar-janar sun ɗauke shi abin 'yan kasuwa. Moltke kuwa ya shiga cikin daraktocin farko na layin Barlin zuwa Hambug, ya kuma rubuta maƙala a 1843 a kan yadda ya kamata a zaɓi hanyar da dogo zai bi. Abin da ya hango mai sauƙi ne. Runduna a ƙafa ba ta wuce mil 15 zuwa 20 a yini, ta kuma isa a gajiye. Jirgi kuwa ya kai ta tafiyar mako biyu cikin kwana guda, da abincinta da harsashinta. Wanda ya riga tara mutanensa a bakin iyaka ya ci rabin yaƙi tun ba a harba ko ɗaya ba.

Ya yi aikin dogarin wani ɗan sarki a birnin Rum, inda ya zana taswirar birnin, daga baya ya zama na hannun daman Yarima Frederick, wanda zai gaji sarauta. Wannan ya kusantar da shi fada. A watan Oktoba, 1857, aka ba shi shugabancin Ofishin Hafsan Hafsoshi. Shekarunsa 57, kuma bai taɓa jan ko bataliya guda ba. A lokacin muƙamin ba wani abin kwaɗayi ba ne, don ofishin yana ƙarƙashin Ma'aikatar Yaƙi, aikinsa ajiye taswira da rubuta tarihi.

YADDA YA SAKE FASALIN AIKI

Moltke ya mai da wannan ofis ƙwaƙwalwar soja. Kowace shekara ya kan tsamo 'yan kaɗan mafi hazaƙa daga makarantar yaƙi, ya horar da su da kansa. Ya kan fita da su rangadi a kan dawaki, ya tsaya a wani tudu ya ce su ɗauka abokan gaba na bayan kogin can, kowa ya faɗi abin da zai yi. Wanda ya ƙware sai a tura shi ya zauna kusa da kwamandan wata runduna. Ta haka ya zamanto ko'ina akwai mutumin da ke tunani irin na Moltke, ko da waya ta yanke.

Tafarkinsa uku ne. Na farko, ba a fafe gora ranar tafiya: tun lokacin zaman lafiya an rubuta wace bataliya za ta shiga wane jirgi, a wace tasha, da ƙarfe nawa, kuma kowace shekara ana sabunta lissafin. Na biyu, rundunar zamani ta yi yawan da hanya guda ba za ta ɗauke ta ba, saboda haka a yi tafiya a rarrabe, a haɗu a filin daga. Na uku, ya yi imani cewa duk kyan shiri ba ya wuce karon farko da abokin gaba, daga nan sai abin da hali ya yi. Don haka ba ya cika wa kwamandoji umurni. Ya kan gaya musu abin da a ke nema, ya bar musu yadda za su yi. Wayar tangaraho kuwa ita ce linzamin da ya ke juya su da shi daga nesa.

YAƘI DA TSOHON GIDA

Gwajin farko ya zo a 1864, sa'ad da Purushiya da Ostiriya suka haɗu suka yaƙi Danmak a kan lardunan Schleswig da Holstein. Ikon Allah, sojan da ya rene shi shi ya fara ja da shi. Moltke ya tsara yadda za a datse wa Danmak hanya, amma aka bar shi a Barlin, aka ba wani tsoho ɗan shekara kusan 80, Wrangel, jagoranci. Aka ɓata shirin, sojan Danmak suka zame suka shige ganuwa. Sai a ƙarshen Afrilu aka tura Moltke bakin daga. Ran 29 ga Yuni aka tsallaka da sojoji cikin kwale-kwale da duhun asuba aka kama tsibirin Alsen, ba da jimawa ba Danmak ta nemi sulhu. Tun daga nan Sarki Wilhelm ya riƙe shi hannu biyu.

SADOWA

Shekara biyu bayan haka abokan jiya suka ɓata. Waziri Bismak ya ƙudura sai Purushiya ta fid da Ostiriya daga sha'anin Jamus. Ran 2 ga Yuni, 1866, Sarki ya ba Moltke ikon aika umurni kai tsaye ga rundunoni ba sai ta hannun Ministan Yaƙi ba. Abin da ya rasa a Nizib ya samu ke nan bayan shekara 27.

Purushiya na da layin dogo biyar masu zuwa bakin iyaka, Ostiriya ɗaya tak. Moltke ya yi amfani da biyar ɗin duka, ya sauke rundunoni uku nesa da juna, ya ce su kutsa su haɗu a cikin ƙasar abokan gaba. Manyan hafsoshi da yawa suka ce wannan ganganci ne, don Janar Benedek na Ostiriya zai iya cin su ɗaya bayan ɗaya. Gaskiya kuwa an tsallake rijiya da baya. Da safiyar ranar Sadowa rundunoni biyu ne kawai a filin, ta ukun, wadda Yarima ke ja, tana can tana fama da ruwan sama da taɓo. Igwar Ostiriya ta yi ta zuba wuta, hankalin Sarki ya tashi. Bismak ya ba da labari daga baya cewa ya miƙa wa Moltke gwangwanin sigarinsa da saura biyu a ciki, Moltke ya duba a tsanake ya zaɓi mai kyan. Daga nan ya san al'amari bai ɓaci ba. Da rana ta take Yarima ya iso ta gefe, rundunar Ostiriya ta karye.

Ba dabara kaɗai ta yi aiki ba. Sojan Purushiya na riƙe da bindiga mai ɗuri ta gindi, wadda a ke iya ɗurawa a kwance, na Ostiriya kuwa tasu ta baki ce kamar adaka, sai an miƙe. Ostiriya ta yi hasarar mutum fiye da 40,000, har da waɗanda aka kama, Purushiya kimanin 9,000. Yaƙin duka mako bakwai ya ci. Aka ba Moltke lambar Baƙar Gaggafa da kyautar kuɗi mai tsoka, wadda ya sayi gandun Kreisau da ita a 1867.

SEDAN DA FARIS

Faransa ba ta ji daɗin ganin sabon ƙato a maƙwabtanta ba. Ran 19 ga Yuli, 1870, Sarki Napoliyon na Uku ya ƙaddamar da yaƙi. Moltke ya daɗe da shirinsa a aljihun tebur. Cikin ƙasa da mako uku jirage suka sauke sojoji fiye da 300,000 a bakin iyaka, yayin da sojojin Faransa ke yawo tasha tasha suna neman bataliyoyinsu da kayansu.

Duk da haka Faransawa sun yi mazantaka. Bindigarsu ta fi ta Jamus cin nisa, kuma a karon farko a Wissembourg da Worth har da sojojin Aljeriya da suka tsaya wa Faransa tsayin daka. Ran 18 ga Agusta a Gravelotte, Jamus ta yi hasarar kimanin 20,000 a yini guda, galibi saboda waɗansu kwamandoji sun afka gaba da gaba ba tare da jiran igwa ba. Nan aka ga aibin sakar wa kwamanda linzami. Amma igwogin ƙarfe na Krupp sun rinjayi na Faransa, aka tura runduna guda cikin birnin Metz aka kulle ta. Da Moltke ya gane wata rundunar na zagayowa ta arewa don ta cece ta, sai ya juya mutanensa gaba ɗaya, ya ritsa ta a Sedan ran 1 ga Satumba. Kashegari Napoliyon ya miƙa wuya, aka kama sojoji kimanin 100,000. Metz ta bi baya ran 27 ga Oktoba da wajen 170,000.

A lissafin Moltke yaƙi ya ƙare. Amma mutanen Faris suka tuɓe sarauta, suka kafa jamhuriya, suka tara sababbin rundunoni daga talakawa. Aka kewaye birnin tun 19 ga Satumba har 28 ga Janairu, 1871. Yunwa ta sa mutane suka ci dawaki da ɓeraye, har da giwayen gidan namun daji. A ƙauyuka 'yan sari-ka-noƙe suka dami Jamusawa, su kuma suka rama da ƙone gidaje da harbe waɗanda suka zarga. Wannan tabo ne da ba a raba shi da tarihin yaƙin.

A nan ne kuma Moltke da Bismak suka sa zare. Moltke na ganin in an fara yaƙi, ɗan siyasa ya koma gefe sai an murƙushe abokin gaba ɗungum. Bismak kuwa na son a gama da wuri kafin sauran ƙasashe su sa baki. Sarki ya goyi bayan Waziri, Moltke ya haɗiye. Ran 18 ga Janairu aka naɗa Wilhelm Sarkin Sarakunan Jamus a fadar Versailles. Faransa ta rasa lardin Alsace da wani yanki na Lorraine, ta kuma biya tarar faran miliyan dubu biyar. Sabuwar Jamus ɗin nan ce ta ɗora tutarta a Kamaru da Togo a 1884.

LAMBOBI DA FARGABA

Girma ya yi ta zuwa. An ba shi sarautar Graf a 1870, da Babbar Lambar Kuros ɗin Ƙarfe da muƙamin Fil Mashal a 1871, kana a 1874 aka ƙara masa Pour le Mérite ta fannin ilmi saboda rubuce-rubucensa. Ya zauna a majalisar dokoki shekara 24. Duk da haka bai sake hali ba: siriri, mai tsimi, ba ya son taro. Jamusawa suka yi masa laƙabi da Babban Mai Shiru, har a kan yi raha cewa ya iya harsuna bakwai amma a cikinsu duka shiru ya ke yi.

Kada mai karatu ya ɗauka mutumin sulhu ne. Ya rubuta a 1880 cewa dawwamammen zaman lafiya mafarki ne kawai, kuma a 1887 yana cikin masu neman a far wa Rasha kafin ta shirya, Bismak ya hana. Amma abin da ya gani bayan Sedan bai bar zuciyarsa ba. Ya ajiye aiki a 1888. Ran 14 ga Mayu, 1890, yana dab da cika shekara 90, ya tashi a majalisa ya yi gargaɗi cewa zamanin yaƙin sarakuna ya wuce, mai zuwa na al'umma ne gaba ɗaya, ba mai gama shi da karo ɗaya ko biyu, zai iya cin shekara bakwai ko talatin, kuma ya yi tir da duk wanda zai fara cinna wa Turai wuta.

Ya rasu a Barlin ran 24 ga Afrilu, 1891, aka binne shi a Kreisau kusa da matarsa. Magadansa suka riƙe jadawalin jirgin, suka manta da gargaɗin. A 1914 ɗan ɗan'uwansa, mai suna irin nasa, shi ke kan kujerarsa sa'ad da Jamus ta shiga Yaƙin Duniya na Farko da shirin gamawa da Faransa cikin 'yan makonni. Aka yi shekara huɗu ana zub da jini, daular da aka naɗa a Versailles ta rushe a 1918. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya ganinsa.

Gandun Kreisau kuwa ya sake shiga tarihi. A can ne wani jikan gidan, Helmuth James von Moltke, ya riƙa tara masu adawa da Hitila a ɓoye, har aka kama shi aka rataye shi a watan Janairu, 1945. Bayan yaƙin, yankin ya koma hannun ƙasar Folan, gidan kuma ya zama wurin da matasan ƙasashen Turai ke haɗuwa don su san juna.